Sawun Magagari

Ranar Talata, sanyin Jos na cizon kunne,
Lurwanu ya zo Gangare da ƙunshi a hammata,
tsohuwar atamfa, an ɗaure da igiyar rama.
Ya ce, "Saje, ta Baba ce. Ga takardarta.
Shekara ashirin da 'yan kai ba ta yi tari ba."

Na tsufa a ma'ajiyar makamai ta bariki
kafin ido ya fara roƙon tabarau.
Na kwance. Libarba ce ta zamanin kuza,
irin ta masu rakiyar albashin lebura
daga Bukur zuwa Barikin Ladi.
Ƙotar ta sha tafin hannu har ta yi santsi.
Na leƙa ɗakunan nan shida ɗaya bayan ɗaya,
don ni ban taɓa yarda da shirun bindiga ba.

Babu kowa a gida.
Na ja kunama, ta tafi rabi ta cije.
Gangar ta yi kamar za ta juya, ta fasa,
sai ka ce jakin da ya hango gada.
Na kara kunne. Ƙarfe ma yana da baki,
sai dai bai taɓa yi wa mai gaggawa magana ba.

Na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera sukurori.
Tsohon giris ya daskare kamar ƙanzo a tukunya.
Kananzir a gwangwanin madara, gashin kaza,
da buroshin haƙorin da jikata ta yar.
Can ga mai laifi: wani ɗan sifirin
kamar yankin farce, ya karye a ƙugu.
Shi ke tura yatsan da ke juya ganga.
Kai duniya! Abin da ya durƙusar da ƙarfen nan duka
nauyinsa bai kai na ƙwayar gero ba.

Na lalubo wani cikin tarkacena,
na gwada, na rage, na sake gwadawa.
La'asar ta yi, shayin Lurwanu ya huce.
Sai gangar ta juya, ƙas, ƙas, ƙas, har shida,
kowane ɗaki ya tsaya daidai bakin ƙofa.
Lurwanu ya yi murmushi. Ni ban yi ba.

Don na ga bakin gudumar.
Tsinken da ke saran gindin harsashi ya gajarce,
kuma ba karyewa ba ce, tsatsa ma ba ruwanta.
Magagari ne. Ga sawunsa kwance layi-layi,
aikin dare, da aci-balbal, ƙofa a rufe,
da hannun da ko kaɗan bai yi rawa ba.

Na ce, "Shekarunka nawa a shekarar hayaƙi?"
Ya ce, "Sha tara. Ni da yayana Shitu.
Daren da aka ƙone mana rumfa a kasuwa
muka ɓalle akwatin Baba muka ɗauke ta.
A bayan katangar su Gyang na ja kunama sau uku.
Shiru. Muka tsine mata, muka mayar.
Baba na kan buzunsa yana jan carbi,
bai ko ɗago ya dube mu ba."

Na miƙa masa tabarauna. Ya daɗe yana kallo.
A waje 'yan keke na ta danna hon,
mai dankali na rantsuwa kan farashin kwando.
Na ce, "Ana samun wani tsinken. Kwana biyu."
Ya bi sawun magagarin da babban yatsa.
"Gyang ne ke ɗinka wa yarana kayan makaranta,"
in ji shi, kamar da bango yake.
Sannan ya ce, "Bar shi, Saje. Rubutun Baba ne.
Ban isa in goge ba."

Na shafa mata mai, na naɗe a atamfarta.
Kuɗin kananzir kaɗai na karɓa.
Ya gangara da ita wajen Dilimi,
tana juyawa lafiya lau, bakinta a ɗinke.
A littafin aikina na sa: an gyara.
Ban rubuta sunan wanda ya riga ni ba.